Amsoshin Wasiƙunku: Kwamfuta Ta Kawo Wuta, Fuska Baƙi Ƙirin

  Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi muke bugawa a wannan shafi, domin wanda bai sami ji ba ya karanta, ko ya ba yaro ya karanta masa.

A wannan mako mun ware wasiƙu guda biyar, dukkansu daga ƙasar Ƙaraye da Rogo, kuma dukkansu kuka ɗaya suke yi, watau kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Da muka duba sai muka ga cutar kusan guda ce, wani ɗan abu ne a cikin cikinta da masu gyara ke kira ram, shi da gurbin da yake zama. Saboda haka bari mu fara da bayanin abin da ake nufi da ram, sa'an nan mu bi wasiƙun ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne ram?

Ku ɗauka kwamfuta gidan manomi ce. Akwai rumbu, inda ake zuba hatsi ya shekara ba abin da ya taɓa shi. Akwai kuma tabarma, inda uwargida ke baza abin da ta ɗebo daga rumbu don ta tsince, ta sheƙe, ta auna. Idan magariba ta yi sai a kwashe, a naɗe tabarma. To, a cikin kwamfuta akwai rumbun ajiya, inda rubuce-rubucenka da hotunanka da lissafinka suke kwance ko da wuta ko babu. Ram kuwa shi ne tabarmar. Duk aikin da ka buɗe a kansa ake baza shi, kuma da zarar an kashe kwamfuta sai ya koma wayam. Mai ƙaramar tabarma kaɗan-kaɗan zai riƙa aiki, shi ya sa kwamfuta mai ƙaramin ram take nawa. Idan kuwa babu tabarmar sam, to ko rumbu ya cika ya batse aiki ba zai yiwu ba, shi ya sa kwamfutar da ram ɗinta ya goce ba ta ko nuna fuska.

A ido, ram ɗin laftof wani ɗan falle ne, galibi kore, tsawonsa kusan santimita 7, faɗinsa santimita 3, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi manne a jikinsa. A gefe guda yana da haƙora masu ruwan zinariya a jere, da giɓi guda a tsakaninsu. Da giga ake auna girmansa: giga 2, giga 4, giga 8, giga 16. Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1966, kuma a yau kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyinsa a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A kula, ram daban, memorin da ake sa wa waya don waƙa da karatu daban. Shi memori ɗan ƙaramin rumbu ne.

Wasiƙa ta farko, daga Zarewa

Wani Alhaji mai sayen masara daga Zarewa ta ƙaramar hukumar Rogo, wanda ke kai kaya kasuwar Dawanau, ya ce ɗansa ne ke riƙe masa lissafi a wata kwamfuta HP ta hannu. Ranar kasuwa yaron ya goyo ta a babur, da suka iso gida aka kunna sai ta kawo wuta, fanka na juyawa, amma fuskar baƙi ƙirin, wata 'yar fitila kuma tana ƙifta ido a kan madannai. Sun kira wani mai gyara a waya ya ce injin ya ƙone, sai dai a sayi wata. Alhaji ya ce abin da ya hana shi barci shi ne sunayen mutanen da yake bi bashi, da waɗanda ya ba kuɗin taki za su biya da masara, duk suna ciki.

To Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Da farko dai ka kwantar da hankalinka. Lissafinka yana cikin rumbu, kuma ko da kwamfutar ta mutu murus, a yawancin irin waɗannan na hannu ana iya zare rumbun a haɗa shi da wata kwamfutar a kwashe abin da ke ciki. Abu guda za ka kiyaye: kada ka sayar da ita a matsayin gawa, kada kuma ka yarda a yi mata fomatin, kafin a kwashe maka lissafinka.

Na biyu, wanda ya yanke wa injin hukunci ta waya bai gan shi ba. Alamomin da ka lissafa sun fi kama da ram da ya goce daga gurbinsa. Jijjigar babur a hanyar burji tana sassauta shi, ƙurar hunturu kuma tana shiga tsakanin haƙoransa. Ita wannan fitila mai ƙiftawa magana kwamfutar take yi, sai ku ƙirga. A yawancin tsofaffin HP, idan fitilar madannin Caps Lock ta ƙifta sau 3 ta huta, ta sake sau 3, to ram take nufi. A Dell na baya-bayan nan fitilar kan yi ruwan goro sau 2, fari sau 3, ma'ana ba ta ga ram ba sam. Tsofaffin Dell kuwa ƙara suke yi sau 2. Lenovo ThinkPad takan yi ƙara 1, sai 3, sai 3, sai 1.

Kafin a kwance komai, a gwada abu biyu don a tabbata ba gilashin fuskar ne ya lalace ba. A haska tocila a jikin fuskar a kusa, idan an hango rubutu dishi-dishi, to fitilar fuskar ce ta mutu, ram ba ruwansa. Sa'an nan a jona ta da talabijin ta wayar HDMI, idan hoto ya fito a talabijin, nan ma ram lafiyarsa lau.

Idan duka biyun ba su nuna komai ba, sai yaron ya bi waɗannan matakai a natse. Ya zare caja, ya cire batir, ya danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30 domin sauran wutar da ta maƙale ta fita. Ya mayar da caja ya kunna, don wani lokaci wannan kaɗai yakan tashe ta. Idan ba ta tashi ba, ya sake zare caja da batir, ya kifa ta a kan teburin katako, ya kwance murfin ƙasa da ƙaramin sukundireba, ya zuba notinan a murfin kwalba don kada su ɓace. Idan irin wadda batirinta ke ciki ce, to da ya buɗe sai ya fara zare 'yar wayar batirin daga jikin inji kafin ya taɓa komai. In ya ga batirin ya kumbura kamar burodi, ya tsaya nan, ya kai wa mai gyara, domin yana iya kamawa da wuta.

Ga wani gargaɗi na musamman ga wannan lokaci na hunturu. Kun san tartsatsin nan da ke tashi idan mutum ya yaye bargo ko ya tuɓe rigar sanyi da dare. Wannan 'yar wutar, wadda iska busasshiya ke tarawa a jikin mutum, tana iya kashe ram nan take. Saboda haka kada a yi aikin a kan bargo, ko katifa, ko tabarmar roba. A fara dafa ƙarfen ƙofa ko na taga, a kuma riƙe ram ta gefe da gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran.

Zai ga ram ɗin kwance, wasu 'yan ƙarafuna biyu sun riƙe shi dama da hagu. Ya buɗa su waje a hankali da farce, ram ɗin zai ɗago kai da kansa, sai ya zare shi a karkace yadda ya ɗago. Ya sami kilina fara mai tsabta, irin ta 'yan makaranta, ya goge haƙoran a hankali gaba da baya, ya kakkaɓe garin da busasshen ƙyalle. Gurbin kuma ya share shi da sabon burushi mai laushi wanda bai taɓa ruwa ba. Kada a hura da baki saboda yawu, kada a sa fetur, ko kananzir, ko ruwa, kada kuma a soka allura ko reza. Daga nan ya daidaita giɓin ram da ɗan tudun da ke cikin gurbi, ya tura shi a karkace har sai haƙoran sun kusa ɓacewa duka, sa'an nan ya danna shi ƙasa har ƙarafunan biyu su ce ƙas. Mafi yawan masu cewa sun gwada bai yi ba, turawar ce ba su kai ƙarshe ba. Ya rufe, ya kunna, ya ba ta minti ɗaya ko biyu, domin wasu sukan yi jinkiri a tashin farko bayan an taɓa ram.

Alhaji, idan ta tashi, ran nan ba gobe ba, a kwafe lissafin a filash, a kuma rubuta manyan basussuka a littafi. Nan gaba kuma in za a hau babur da ita, a kashe ta gaba ɗaya, a naɗe ta da zane a cikin jaka, a goya a baya, kada a ɗaure ta a kariya tare da buhu.

Wasiƙa ta biyu, daga cikin garin Ƙaraye

Wani malamin makarantar firamare daga Ƙaraye ya ce kwamfutarsa mai giga 4 ce, tana da gurbi biyu, ɗaya babu komai. Ya tara kuɗi ya aika aka sayo masa ƙarin giga 4 daga Kano, ya sa, amma har yanzu 4 take nunawa. Yana tambaya, ram ɗin ne jabu, ko kuwa gurbin ne ya mutu?

Madalla da wannan tambaya, Malam, kuma amsarta tana hannunka, ba sai ka biya kowa ba. Ka fara da karanta 'yar takardar da ke manne a jikin kowane ram. Ram iri-iri ne, kuma ba sa shiga gurbin juna. Wanda aka rubuta wa PC2 shi ne DDR2, tsohon yayi mai haƙora 200. PC3 shi ne DDR3, wanda ya fito a 2007, haƙoransa 204. PC4 shi ne DDR4 na 2014, haƙora 260. Sabon cikinsu DDR5, haƙora 262. Kowanne da inda aka yanka masa giɓi, saboda haka idan ka ga ram ya ƙi shiga, kada ka sa ƙarfi, ba gidansa ba ne.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne tsakanin PC3 da PC3L. Su biyun kamarsu ɗaya, giɓinsu ɗaya, kowanne zai shiga gurbin ɗan'uwansa, amma PC3 wutar bolt 1.5 yake ci, PC3L kuwa 1.35. Kwamfutoci da yawa da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G1 da G2, da Dell Latitude E7440, da ThinkPad T440, mai harafin L suke so. Ka sa musu marar L, sai su ƙi ganinsa ko su ƙi tashi. To ka duba, idan naka na asali PC3L ne, sabon kuma PC3, ka gano ɓarawon, sai ka mayar a canza maka.

Idan rubutun iri ɗaya ne, sai gwaji huɗu. Ka sa wa tsohon ram alama da fensir a jikin takardarsa don kada su rikice maka. Gwaji na farko, tsohon shi kaɗai a gurbi na ɗaya. Na biyu, tsohon shi kaɗai a gurbi na biyu. Na uku, sabon shi kaɗai a gurbi na ɗaya. Na huɗu, sabon shi kaɗai a gurbi na biyu. Kowane gwaji sai ka zare caja da batir tukuna, kuma ka rubuta sakamakon a takarda kamar yadda kake cika rajista.

Ga yadda za ka karanta sakamakon. Idan tsohon ya tashi a gurbi biyun, sabon ya ƙi a duka biyun, to sabon ram ne matacce, ka mayar wa mai shi. Idan dukkansu sun tashi a gurbi na ɗaya, sun ƙi a na biyu, to laifin gurbi na biyu ne. Idan duk gwaji huɗun sun tashi, to kowa lafiyarsa lau, da ma zama ne bai yi daidai ba, ka mayar da su tare a hankali. In sun tashi ɗaiɗai amma sun ƙi zama tare, to jininsu ne bai haɗu ba, ka nemi wanda rubutunsa ya yi daidai da na tsohon, lamba da lamba.

Yanzu a ce gurbin ne. Ka haska shi da tocila ka duba. Wani lokaci ƙura ce ta toshe shi, ko tsatsa mai kore-kore da danshin damina ya haifar, kuma burushi da ɗigon sifirit irin na asibiti yakan wanke wannan, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin 'yan wayoyin ciki ne ya lanƙwashe, ko ƙarfen riƙo ya karye, ko dalmar da ta manne gurbin da babban allon inji ta tsage. Wannan tsagewa tana yawan samun kwamfutar da ake ɗaga ta da hannu ɗaya ta kusurwa tana buɗe, domin allon yakan tanƙwaru. Wasu sukan cusa nannaɗaɗɗiyar takarda su danne ram ɗin, ya yi aiki kwana biyu ya koma, tsagar kuma ta ƙaru. Canza gurbi kuwa aiki ne na ƙwararre, ƙafafu sama da 200 zai yi wa dalma ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya kuskure allon duka ya tafi. Shawarata, Malam, ka ƙyale gurbin da ya mutu. Ka ba da giga 4 ɗinka guda biyu, ka cika kuɗi, ka karɓi giga 8 falle ɗaya ka sa a gurbi mai lafiya, bayan an gwada an ga kwamfutarka tana ɗaukar 8 a gurbi guda. Za ta ɗan rage gudu kaɗan a kan mai falle biyu, amma a aikin buga jarrabawa da sakamakon yara ba za ka ko lura ba.

Saura abu ɗaya. Idan Windows ɗin da ke kanta mai lamba 32 ce, ba ta iya amfani da abin da ya wuce giga 4 ko nawa ka zuba mata. Sai an sa mata mai lamba 64.

Wasiƙa ta uku, daga Tudun Kaya

Wani ɗalibi daga Tudun Kaya da ke shirin jarrabawar JAMB ya ce yayansa ya bar masa kwamfuta yana koyon amsa tambayoyi a kai. Tana tashi lafiya, amma yana cikin aiki sai fuskar ta koma shuɗiya da wani rubutu, ta mutu ta sake tashi. Sau biyu yana biya ana yi mata fomatin, ba ta daina ba.

To ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ka yi dabara da ka fara koyo tun yanzu, domin tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta wannan jarrabawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka daina kashe kuɗinka a fomatin. Fomatin share rumbu ne, idan kuwa tabarma ce ta huje, ko sau goma aka share rumbu hatsi zai ci gaba da zuba. Ram yana iya lalacewa rabi da rabi, ya bar kwamfuta ta tashi, sai aiki ya kai daidai wurin hujin ta faɗi.

In ta sake yi, ka ɗauki hoton fuskar da waya. Idan ka ga an rubuta MEMORY MANAGEMENT, ko kuma rubutun yana canzawa yau wannan gobe wancan, to a fara zargin ram. Akwai awo kyauta a cikin kwamfutar kanta. Ka danna madannin Windows tare da harafin R, ka rubuta mdsched, ka danna Enter, ka zaɓi na sama. Za ta mutu ta tashi ta auna ram ɗin da kanta. Idan HP ce, kana kunnawa ka riƙa danna Esc, sa'an nan F2, za ka ga wurin awon. Idan Dell ce, F12 za ka danna ka zaɓi Diagnostics. Wanda ya fi su tsanani shi ne MemTest86, wata manhaja da ake amfani da ita tun 1994, ana sa ta a filash, kuma masu gyara na ƙwarai suna da ita. Takan ɗauki sa'o'i, saboda haka ka kai ta inda wuta ke tsayawa, kamar shagon caji mai sola. Kuskure ko guda ɗaya ta nuna, ya isa shaida. Sai ka goge haƙoran ka sake awo, in ya sake nunawa kuma falle biyu ne, ka auna su ɗaiɗai ka fitar da mai ciwon.

Idan awo ya fito fes, to ka duba zafi. Kwamfutar da ake ɗorawa a kan katifa ko filo, ko wadda ƙura ta toshe mata fanka, takan mutu da kanta in ta yi zafi, musamman a bazara. Rumbun ajiya da ya tsufa shi ma yana kawo shuɗiyar fuska. Ka kuma sani cewa ram mai ciwo yana iya gurɓata abin da kake adanawa, don haka ka kwafe muhimman takardunka a filash tun yau.

Wasiƙa ta huɗu, daga Rogo Sabon Gari

Wata Hajiya, ma'ajiyar wata ƙungiyar mata masu adashi da sana'ar gyaɗa a Rogo Sabon Gari, ta ce kwamfutar ƙungiya za a kai Kano gyara, kuma tana jin ana cewa wasu sukan zare kayan ciki su musanya. Tana tambaya yaya za ta kare amanar da aka ba ta?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, haka ake son mai riƙon amana. Masu gyara da yawa a kasuwar Farm Centre da titin Beirut mutanen kirki ne masu neman halak, amma a kowace sana'a ba a rasa ɓata-gari, kuma ram ya fi komai sauƙin musanyawa, minti biyu ya isa. Ga abin da za ki yi. Idan kwamfutar tana tashi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a taɓa Memory. Nan za ta nuna giga nawa ne, da gurbi nawa ke aiki. A ɗauki hoto. Idan ba ta tashi, ki ce mai gyara ya buɗe ta a gaban ɗan aikenki, a ɗauki hoton takardar da ke jikin ram da ta jikin rumbu, lambobin su fito sosai. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, domin hoton nan kariya ce gare shi shi ma. In an gama gyara a sake dubawa tun a shagon, a kuma karɓo duk abin da aka ce an cire, ko da an ce ya mutu.

Idan aka ce miki babban allon inji ne ya ƙone, ki ce a fara gwada wani ram mai lafiya a gaban ɗan aikenki, gurbi ɗaya bayan ɗaya. In har an yi haka ba ta tashi ba, to magana ta fara zama gaskiya, amma duk da haka a ji ta bakin mai gyara na biyu kafin a taɓa kuɗin mata.

Idan kuma saye za a yi, a tafi da kwamfutar, kada a yi cinikin biri a sama. A sa ram ɗin a wurin, a kunna, a ga adadin ya fito, a karɓi rasit mai ɗauke da girmansa da lambarsa, a kuma yi sharaɗin kwanakin da za a iya mayarwa. Ram na hannu ba laifi ba ne in an auna shi. Ki kuma shirya jin farashi mai nauyi, domin daga ƙarshen 2025 kuɗin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun rububi abin da masana'antu ke fitarwa. Don haka kada a sayi abin da ya wuce bukata. Windows 11 ba ta zama a ƙasa da giga 4, kuma giga 8 ya wadatar da lissafin adashi da buga takardu.

Wasiƙa ta biyar, daga Turawa

Wani matashi mai noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa, daga Turawa, ya ce ya buɗe tasa don ya ƙara ram, ya duba ko'ina bai ga gurbi ba. Ya ce ko an cuce shi ne wajen saye? Ya kuma ce wani ya gaya masa akwai manhajar da ake saukewa ta ƙara ram.

Ƙanena, ba a cuce ka ba, ƙirarta ke nan. Yawancin siraran kwamfutoci na zamani, irin su MacBook Air da ThinkPad X1 Carbon da ƙananan nan masu araha da ake saya wa yara, an manne ƙwayoyin ram ɗinsu da dalma a jikin babban allo, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Wasu kuma rabi a manne, rabi a gurbi, kamar T440 da muka ambata. Akwai kuma tsofaffin da aka ɓoye gurbi ɗaya a ƙarƙashin madannai. Ka rubuta lambar samfurin da ke bayanta ka nuna wa mai gyara, zai gaya maka ko wacce iri ce. Idan mai manne ce, ka rufe ta ka lallaɓa, kada ka riƙa buɗe ayyuka da yawa lokaci guda. Darasin da ke nan na kowa ne: kafin ka biya kuɗin kwamfuta, ka tambaya ko ram ɗinta na cirewa ne, domin mai gurbi in ta yi ciwo falle ɗaya za a canza, mai manne kuwa aikin ya koma na allo duka.

Batun manhajar ƙara ram kuwa, zancen banza ne. Ram abu ne da ake riƙewa a hannu, ba ya biyo iska ya shigo. Irin waɗannan manhajoji, wasunsu talla za su cika maka, wasunsu kuma ɓarayi ne masu neman lambobin asusunka na banki.

Kafin mu rufe

Jama'a, rigakafi ya fi magani. A riƙa rufe kwamfuta da zane ko a sa ta a jaka in an gama aiki, musamman a shagunan bakin hanya da wuraren casar masara. A ɗauke ta da hannu biyu. Kada a jona ta sai janareta ya tashi ya daidaita, a kuma zare ta kafin a kashe shi, haka nan in hadari ya taso ana walƙiya. Duk Juma'a a kwafe lissafi a filash, a ajiye filash ɗin a wani wuri daban. Wanda kuma ya san hannunsa na rawa, ko kwamfutar sabuwa ce mai garanti, kada ya buɗe, ya kai wa masu ita, ya tafi da wannan shafi don ya san abin da zai tambaya.

Masu turo wasiƙa a kan kwamfuta, don Allah a riƙa rubuta sunan kamfaninta da lambar samfurinta, da abin da ya faru kafin ta lalace, da ko sau nawa fitila ta ƙifta ko ta yi ƙara. Da haka amsa za ta fi zuwa daidai. Wasiƙun da suka shafi injin ban-ruwa da batirin sola suna nan mun ajiye, su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.